Kamu Ɗari Uku a Jikin Katanga

Tun suna ango da amarya suke musu a kan jirgin Nuhu. Shi likitan dabbobi ne, ya san abin da saniya guda take ci a wuni, ya san kashin da take yi, don haka duk ranar da aka karanta labarin a coci sai ya dawo gida yana girgiza kai. Matarsa kuwa ta yarda da labarin yadda yake, ko ɓera ba ta rage ba.

Bayan ya yi ritaya sai ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya saki, ƙafar ma sai ja. A asibiti aka ce ya riƙa motsa su, amma Likita ya samu kujera gaban taga ya zauna, har musun ya daina. Wannan shirun ne ya fi tsorata ta.

Wata la'asar ta ajiye masa shayi ta ce, "Likita, wai kamu ɗari ukun nan da aka ce tsawon jirgin, ai zai kai daga nan har kasuwa."

"Ko kusa," in ji shi, harshe da nauyi.

"Ka auna ne?"

Washegari ya ce a miƙo masa sanda.

Akwai doguwar katangar makaranta a bayan gidansu. Nan suka fara. Kamu ɗaya daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, sai ya jingina hannu a katanga, ita kuma ta ja layi da alli. Da ya ɗaga na hagu ta ce, "Wa ka taɓa gani yana awo da hagu?" Ta kama na daman da kanta ta ɗora. Ranar ba su yi nisa ba ya ce a koma.

Kullum da yamma sai su ɗora daga inda suka tsaya. Katangar takan yi ɗumi da ranar wuni, idan ya kwantar da hannu a kanta sai ya ji kamar katakon jirgin ne, har da ƙanshin kwalta. Hayaniyar ɗalibai daga can ciki ta riƙa zama kukan tumaki da gurnani. Wani lokaci yakan lumshe ido ya ga raƙumin dawa na sunkuyar da wuya zai shiga ƙofa, a bayansa ga wata jar saniya da ya taɓa karɓa wa haihuwa yana saurayi, ga farin dokin da ya mutu a hannunsa, yanzu yana takawa lafiya lau. Ƙasa ta ɗan riƙa lilo a ƙarƙashin ƙafarsa, a hankali, ba tsoro.

"Giwaye a ƙasa za a sa su," ya ce wata rana, ido a rufe. "In ba haka ba jirgin zai kife."

"To, ashe ka fara loda su."

"Lissafi kawai nake yi, Maman yara. Kuma taga ɗaya ba ta isa ba, wari zai kashe su."

Ruwan sama ya zo ya wanke allin tas. Ta ce ita kam ta manta inda aka kwana. Ya harare ta, ya san ba ta manta ba, amma ya koma farko. A wannan karon shi ya riƙa ɗaga hannun, da rawa da komai.

Sun cike awon ne daidai rumfar mai gyaran keke, dab da ƙarshen katangar. Ya ce ta koma ta tsaya a layin farko. Da ya waiwaya sai ya hango ta 'yar ƙarama, zanenta na kaɗawa, tsakaninsu kuma hasken yamma ya cika wurin kamar ruwa. Ya daɗe yana kallo.

Da ta dawo ya ce, "Ya fi yadda nake zato girma."

Ya sake duban katangar, sannan ya ƙara da cewa:

"Amma ba zai ɗauke su duka ba. Ina za a zuba ciyawar shekara guda?"

"Wanda ya tara su ai ya san cikinsu," ta ce.

Ya buɗe baki zai mayar, sai ya lura yatsunsa biyu na dama sun riƙe gefen mayafinta, ba tare da ya sa su ba. Ita ma ta gani. Suka juya gida a hankali, yana yi mata bayanin ruwan da giwa take sha.