Ranar da Kulu Ta Ƙi Yankan Gishiri

Kulu na biye da Gwaggo Fatsuma a kan hanyar Wurno, ƙwaryar gabu, busasshen ganyen albasa, a kanta. Tun da sanyin safiya suka baro ƙauyensu Magarya. Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ita ke ta magana ba ta ko waiwaye.

"Abu na ɗan lokaci na, ɗiyata. Aska guda, jini kaɗan shi zuba, gishirin ya hita. Tsohuwar nan mai yankan, hannunta da sanyi."

Mode, mijin Kulu, bai san da zancen aska ba. An ce masa kasuwa za su ci, su biya barkar haihuwa su dawo.

Ba wanda ya taɓa zaton gidan Mode zai yi sanyi haka. Tun Kulu na kai tallar fura fadama suka ga juna suka so juna, aka yi aure, har maƙwabta na yi musu tsiya saboda yawan hirarsu. Sai haihuwar ɗansu Sale ta zo da gardama. Kulu ta daɗe a kan gwiwa, yaron ya fito da ƙarfi ya yaga ta. Aka yi wankan jego, aka yi zaman ruwan bagaruwa, rauni ya rufe da kansa. Duk tsawon goyo miji bai kusance ta ba, kamar yadda aka saba, ita ma ta manta da abin.

Da aka yaye Sale aka kai shi wurin kakarsa, Kulu ta sa lalle, ta turara tufafinta, ta koma shimfiɗar mijinta da murna. Abin da ta tarar shi ne zafi kamar an zuba barkono a ɗanyen miki. Ta ciji bakin zanenta ta yi shiru. Ta ce a ranta daɗewa ce, zai wuce. Bai wuce ba, sai ma ƙaruwa. Daga nan ta shiga neman dalilai. Yau ciwon kai, gobe ba ta da tsarki, jibi ta tsiri sussukar da ba ta ƙarewa. Rana na karkata gabanta zai fara faɗuwa. In ta ga mata a bakin rijiya suna zolayar juna da zancen maza, sai ta ji kamar ita kaɗai aka cire daga cikinsu. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, ta kuma riƙa jin haushin kanta a kan fushin.

Mode bai tilasta mata ba. Ya dai ja jiki, magana ta ragu. Ran nan yana cin tuwo, bai ɗago kai ba, ya ce, "Kulu, in zama da ni ya ishe ki, ki hwaɗa mini. Ba ni riƙe ki bisa tilas."

Ta buɗe baki, kunya ta toshe shi. Ta shige ɗaki ta yi kuka. Washegari ta je wurin Gwaggo ta faɗa mata rabi, Gwaggo ta cika sauran da kanta: gishiri ne, kuma maganinsa yanka.

Hantsi ya dubi ludayi suka isa Wurno. Kasuwa ta fara cika, jakuna na shigowa da buhunan albasa, wata motar ɗaukar auduga na ta gurnani ta ƙi tashi. Gwaggo ta zaunar da Kulu a gindin wata tsamiya.

"Jira ni nan in sayo goron da za mu kai ma tsohuwa."

Can nesa da sauran masu talla, Kulu ta hango wata mata zaune ita kaɗai a kan tarin tsummoki, igiyoyin kaba a gabanta. Masu saye na miƙo hannu daga nesa, su karɓa su wuce da sauri. Sai da matar ta ɗago kai Kulu ta gane ta. Habi ce, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda aka kai aure Marnona. An ji aurenta ya mutu, amma ba a taɓa faɗin dalili ba.

Kulu ta ɗauki ƙwaryarta ta matsa. Zarnin fitsari ya tare ta tun kafin ta isa. Ta zauna dai, gwiwarta na taɓa ta Habi.

"Ki ɗan matsa," in ji Habi. "Ba na jin haushi. Na saba."

"Nan ya yi mini."

Suka gaisa, suka tambayi na gida. Da Habi ta ce mi ya kawo ta, Kulu ta ambaci unguwar tsohuwar kawai, ta sunkuyar da kai. Habi ta kama wuyan hannunta.

"Zahi kike ji in maigida ya zo gare ki?"

Kulu ta ɗaga kai alamar haka ne. Ba wanda ya taɓa faɗin abin a fili haka a gabanta.

"Ni ma shi na," in ji Habi a hankali. "Uwata ta kai ni, don tana sona. Aska ta zarce inda ba a nuhwa ba. Tun rannan ban sake riƙe hitsari ba. Ban ce kowa haka take ƙarewa ba, Kulu. Amma ki dube ni da kyau kahin ki kwanta."

"To, ina zan sa kaina? Aurena na mutuwa ina kallo."

Habi ta nuna mata da haɓa wani gini mai rufin kwano a bayan kasuwa. Ɗakin shan magani ne na hukumar En'e. Ta ce duk ranar kasuwa wata ungozoma da ta yi koyo a Sakkwato, Malama Adama, tana zuwa duba mata. Ita ke ba ta man shafawa don kada fitsari ya cinye mata fata, kuma ta yi alkawarin nema mata hanyar zuwa babban asibiti a gwada ɗinki.

Gwaggo ta dawo da ƙunshin goro a ganye. "Tashi mu tahi, rana na yi."

"Gwaggo, ki gahwarce ni. Ba ni zuwa."

"Mi kika ce?"

"Can nike son zuwa." Ta nuna rufin kwano.

"Wurin maganin Nasara? Namiji shi buɗe ki, ki ja muna abin hwaɗi?"

"Mace ta, Inna," in ji Habi.

Sai a lokacin Gwaggo ta dubi mai maganar. Ta san Habi tun tana goye. Ta dubi tsummokin, ta dubi ƙasar da ta jiƙe a gefensu. Sannan ta kwance ƙunshin, ta zaɓi farin goro babba ta sa wa Habi a hannu.

"Wuce mu gani," ta ce wa Kulu. "Amma in na ga gemu, hitowa za mu yi."

A ɗakin shan maganin an kewaye gefen mata da zana. Suka bi layi a bayan masu goyo da masu ciki, warin magani na shiga hanci. Da aka zo kan Kulu, Gwaggo ta leƙa ciki, ta tabbatar mace ce, sannan ta zauna a bakin ƙofa.

Malama Adama dattijuwa ce kakkaura, da farin kallabi da hannuwa masu kaushi. Ta saki labule ta zauna kusa da Kulu, ba ta gaggauta ta ba. Kulu ta fara da ciwon kai, ta koma ciwon baya. Malama ta saurara har ta gama.

"Duka na ji. Yanzu hwaɗa mini wanda ya taso ki daga Magarya."

Kulu ta rufe fuska da mayafi, ta faɗa. Da maganar ta fara fitowa sai ta ƙi tsayawa: haihuwar, yagewar, zanen da ta ciza, da abin da Mode ya ce ranar da yake cin tuwo. Malama ta yi tambayoyi kai tsaye, a ina zafin yake, tun yaushe, iri wane. Ta wanke hannu da sabulu.

"Zan duba ki. In kin ji zahi ki ce, in tsaya."

Kulu ta ce da zafi, Malama kuwa ta tsaya. Ta jira har Kulu ta saki jiki, sannan ta ci gaba a hankali. Da ta gama ta taimaka mata ta tashi zaune.

"Ba gishiri ba na, ba iska ba ta, ba kuma wanda ya yi miki sammu. Inda kika yage ya warke da tabo mai tauri, shi ke ja. Ga shi ba ki daɗe da yaye ba, jikin mace kan bushe lokacin. Sannan jiki na da wayo. In ya sha wuya sau ɗaya, sai shi riƙa ɗaurewa tun ba a taɓa shi ba, zahin shi ƙaru. Laihinki babu a ciki."

"Ana warkewa?"

"Da yawa sun warke, a hankali. Kina zaton ke ɗaya ta? Matan da sunka zauna bisa gadon ga da wagga magana sun hi ƙarhin ƙirga. Kowace na zaton ita ɗaya ta."

Ta ba ta 'yar kwalba ta man shafawa, ta nuna mata yadda za ta riƙa murza tabon kullum har ya yi laushi. Ta ce ta dawo a sake dubawa, in kuma bai saki ba, akwai ɗan gyaran da likita ke yi a Sakkwato.

"Amma kwalbar ga ba ta isa ita ɗaya. Maigidanki ya sani?"

"Da wane baki, Malama?"

"Da wanda kika hwaɗa mini. Yanzu shi yana can yana ba kansa amsa, kuma amsar da mutum ke ba kansa ta hi gaskiya muni. Ki gaya mishi a dakata tukuna. In an koma, a koma sannu, kuma ke ke da cewa a tsaya."

A hanyar komawa rana ta take, suka riƙa bin inuwar itatuwa. Gabun ma ba su sayar ba. Da suka hango rumbunan Magarya, Gwaggo ta ce, kamar da kanta take magana, "Bayan haihuwata ta hwari ni ma na sha wannan. Ban hwaɗa ma kowa ba. Na ɗauka haka aure yake."

Kulu ta dube ta. Gwaggo ta gyara mayafinta ta ƙara sauri.

Bayan la'asar Kulu ta sauka fadama. Mode na bakin ruwa yana jan jigo, guga na nutsewa yana tasowa, ruwa na bin ƙorama zuwa fangalin albasa. Ya yi mamakin ganinta, amma bai tsaya ba.

"Kun dawo? Ya mai jego?"

"Ba barka munka tahi ba, Malam."

Ta tsuguna a bakin fangali ta ba shi baya, ta shiga cire ciyawa. Da haka ta iya. Ta faɗa wa albasa abin da ta kasa faɗa wa miji, tana tsayawa tana ci gaba. Ta faɗi zafin, ta faɗi ƙaryar ciwon kai, ta faɗi tsohuwa da askarta, da Habi, da abin da Malama ta gani. Wani wuri a tsakiyar maganar ƙarar jigo ta ɗauke.

Ta gama, har ta fara nadamar faɗa. Sai ta ji ya zo ya tsuguna a gefenta, ba kusa sosai ba.

"Tun ranar hwarko?"

"Tun ranar."

"Kuma ni ina ta..." Ya shafa fuskarsa da hannu mai laka. "Na yi ta tunani, Kulu. Na ce ko na tsuhwa, ko wata magana na yi wadda ba ta gogewa. Har wurin malam na tahi neman addu'ar daidaita zukata. Ban taɓa kawo ciwo ba. Ki yahe mini."

"Ni na ɓoye."

"Da an yanka ki hwa, ina nan ina ban ruwa?"

Kulu ta ci gaba da cire ciyawa. Mode ya juyo ya dube ta.

"To, mi Malamar ta ce in yi?"

"Ta ce ka jira."

"Sai mi?"

"In lokaci ya yi, in na ce tsaya, ka tsaya."

Ya ɗan yi tunani. "Wannan ko jakina ya iya shi."

Dariya ta kufce mata tare da hawaye. Mode ya ce ranar komawa shi zai raka ta Wurno, in kuma ta kama Sakkwato, albasa ta kusa isa cira. Ya miƙo hannu, sai ya tsaya a rabi, ya bar shi a buɗe a kan gwiwarsa. Kulu ta dubi hannun na ɗan lokaci. Ta goge nata a zane, ta ɗora a kai.

Suna nan zaune har ta ji sanyi a ƙafa. Ruwan da ya rage a ƙorama ya fasa baki, yana malala cikin fangalin da aka riga aka shayar. Mode ya tashi neman fartanya. Kulu ta naɗe bakin zanenta, ta dumbuzo laka da hannu biyu ta riga shi toshewa.