A Riƙe Kare

Ranar da Lhagwa ya dawo hutu daga aikinsa na mahaƙar kwal ta kudu, karensa ne ya fara tararsa, kuma ba tarbar arziki ba ce. Mota ta sauke shi a gindin tudu, ya saɓa jaka ya doshi tantinsa, sai ga Basar ya taso a guje, gashin wuya a tsaye, haƙora a waje. Lhagwa ya ja ya tsaya. Shi fa ya ɗauko karen nan yana ɗan kwikwiyo, cikin ƙirjin rigarsa, shi ya raɗa masa suna a kunne. Yau ga shi yana yi masa haushi kamar ya ga ɓarawon tumaki.

Mu makiyayan Mongoliya, baƙo in ya doso gida, daga nesa yake tsayawa ya ɗaga murya, "A riƙe kare." Ita ce sallamarmu, kuma ɗan gida ba ya yinta. Lhagwa ya gwammace a yage masa wando da ya faɗe ta a ƙofar gidansa.

Matarsa Tserma ta leƙo, hannu duk gari, ta tuntsire da dariya.

"Malam baƙo, ba ka iya sallama ba ne? Ka ce a riƙe kare mana."

"Ki tsawata masa, ba na son wasan banza."

"Kai da kake warin man inji tun daga can, ya za a yi ya gane ka? Basar, kwanta. Maigidanka ne."

Karen ya matso ya sunsuna takalminsa, ya sunsuna gwiwa, sannan ya kaɗa jela sau ɗaya ko biyu, irin gaisuwar da ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba. Ya koma inuwar amalanke ya kwanta. Lhagwa ya shiga ya sha shayinsa mai madara da gishiri. Yaran suna makarantar kwana a gari, tantin ba kowa sai su biyu.

Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Washegari da hantsi, Lhagwa na gyaran sirdi a waje, ya ga Basar ya ɗaga kai, kunnuwa sun miƙe wajen gabas. Ba a jin komai. Sai can ƙarar babur ta iso. Karen ya zabura, ba da haushi ba, da wani ɗan kuka siriri, yana kaɗa jela har ƙugunsa na rawa. Mai babur ɗin Ocir ne, maƙwabcinsu na bayan tudu, gwauro, wanda matarsa ta rasu bara waccan. Bai tsaya daga nesa ba, bai ce a riƙe komai ba. Har bakin garke ya shigo, Basar kuwa ya baje a gabansa ya ba shi ciki yana shafawa.

Lhagwa ya san karnuka, a cikinsu ya tashi. Karen gadi ba ya buɗe wa mai zuwa jefi-jefi cikinsa. Ba ya kuma sanin lokacin zuwan mutum sai in mutumin kullum ne. Kishi ya turnuƙe shi.

Daga ranar ya bar kallon matarsa, ya koma kallon kare. Wai shi nan bincike yake. Ya jefa masa ƙashi mai tsoka, Basar ya ɗauka ya tafi bayan garke ya ci, ko waiwaye babu. Ya kira shi, ya zo a hankali, kai a ƙasa, ya ɗan tsaya, ya koma. Babu rashin kunya a ciki, ladabi ne tsantsa, kuma ladabin ne ya fi ci masa rai. Ocir kuwa ko tari ya yi, jela ta hau aiki.

Rannan suna zaune su uku, Ocir ya miƙo kwalbar tabar shaƙa yadda aka saba. Lhagwa bai karɓa ba.

"Na ga karena ya san ka sosai."

Ocir ya yi murmushi. "Ai Yaya Lhagwa, ni da Basar mun sha wuya tare. Da sanyin nan kyarkeci ya farke masa kafaɗa, ni na ɗinke. Kafin ya yarda da ni, dubi abin da ya yi min." Ya janye hannun riga ya nuna tabo.

"Ban ji labari ba."

"In ka kira waya, tumaki nawa suka rage kake tambaya," in ji Tserma, tana zuba shayi. "Da dusar ƙanƙara ta rufe garke, shi ya zo muka tono su. Har haihuwarsu tare muka karɓa."

Da mai hankali ne, da ya yi godiya. Amma kalmar "muka" ita kaɗai Lhagwa ya ji, sau biyu kuwa.

"An gode. Amma daga yau, in ka zo gidan nan, ka tsaya inda kowa ke tsayawa, ka ce a riƙe kare."

Tserma ta ajiye butar. Ocir ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya mayar da ita aljihu. Ya shanye shayinsa tas, don ba a barin saura a gidan mutane, ya ce, "To, Yaya. Ku zauna lafiya." Ya fita. Basar ya raka babur ɗin har kan tudu.

Ocir bai ƙara zuwa ba. Lhagwa ya samu abin da yake so, sai dai bai ji daɗin da ya zata ba. Tserma ba ta yi masa faɗa ba, abincinsa na zuwa a kan lokaci, magana ce dai ta koma "ga shi" da "to". Kullum da hantsi Basar sai ya hau tudu ya zauna, fuska a gabas, har rana ta take, sannan ya sauko.

Ana jibi hutunsa zai ƙare, Lhagwa ya same ta tana tatsar saniya. Ya nuna tudun da haɓa.

"Dubi ɗan banzan karen can. Ni na raine shi, amma wani yake jira."

Tserma ba ta ɗago ba. "Haka ya yi maka. Shekarar farko da ka tafi, can yake hawa, kudu yake kallo. Ko motar wa ya ji, sai ya sheƙa. Wata rana ma ƙin cin abinci yake."

Lhagwa bai taɓa sani ba. Wani abu mai ɗumi ya taso masa a ƙirji, kafin ya gama jin daɗinsa ta ƙarasa.

"Daga baya ya daina."

Tsoro ne ya kama Lhagwa yanzu, ba kishi ba.

"Ke fa?"

Ta matse na ƙarshe, ta goge hannu a jikin riga, ta ɗauki bokitin.

"Ni ina na ga lokacin hawa tudu? Matsa in wuce, nonon zai huce."