Hatimin da Ya Zo daga Libiya

Idirisa mutum ne mai son sabon abu. In ka ce masa an ƙera sabuwar allura a China, sai ya jefar da tasa. Shagon intanet gare shi a bayan babbar kasuwar Maraɗi, kwamfuta huɗu da fanka ɗaya mai kukan tsohuwa. Ranar wata Asabar cikin bazarar 2011, gari na ta surutun zaɓe da yaƙin Libiya, manhajar shiga intanet ta nemi a sabunta ta. Bai tsaya gwaji a kan guda ba, ya bi duka huɗun ya sabunta.

Ranar Litinin Maman Lawali ya sauka daga kabu-kabu, kamar yadda ya saba kowane mako. Dattijo ne, manomin albasa da zogale a fadamar Jiratawa, kuma ɗansa Bilal yana aikin gini a Sabha, can Libiya. Boko bai taɓa ratsa kan tsohon ba, amma ajami kam ko a duhu. Saboda haka abokin Bilal, wani Zakariya'u, yake buga masa wasiƙa da haruffan Larabci. Maman Lawali ba ya yarda a karanta masa, shi ke zama gaban allon ya bi da yatsa. Wata guda ke nan ba wasiƙa.

"Akwai saƙo, Baba!" in ji Idirisa.

Ya buɗe. Babu alif, babu ba. Layi shida ne na 'yan akwatuna, kowane da ƙananan lambobi a cikinsa.

Idirisa ya san ciwon. Sabuntawar ce ta raba manhajar da zubin haruffan Larabci, in kuwa ta rasa harafi sai ta zana akwati a gurbinsa. Ya sauya tsarin rubutu, ya share abin da ta adana, ya kashe ya kunna, akwatunan na nan. Ya koma kwamfuta ta biyu har ta huɗu, duk kanwar ja ce. Tsallaken titi akwai shagon intanet na Nasser, inda da an shiga an buɗe, da magana ta ƙare. To amma shekara biyu ba sa ga maciji da juna, kuma Idirisa ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya ja dattijonsa zuwa can.

Maman Lawali ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ai hatimi na," ya ce a hankali. "Dubi gidaje, dubi lambobi. Yaron ya ga ana yaƙi, ya samo muna tsari wurin malaman can. Ko ba haka ba, ɗana?"

Nan ne Idirisa ya yi abin da har yau yake cizon yatsa a kansa. Kunya ta hana shi cewa shi ya ɓata injinsa da hannunsa.

"Mai yiwuwa ne, Baba," ya ce.

Ya buga masa a takarda, tsohon ya ninke ta ya sa a hula, ya tafi yana sa masa albarka.

Kwana biyar Idirisa yana fama. Ya nemi tsohuwar manhajar, layin intanet ya yi ta yankewa a tsakiyar saukewa. Ranar Asabar ya tuna da Sha'ibu, malamin Larabci a Tsibiri mai tsohuwar kwamfuta. Ya je ya kwafo zubin haruffan a 'yar kile, wato filashin kwamfuta, ya dawo ya zuba, ya nuna wa manhajar inda za ta same su. Aikin bai kai minti uku ba. Ya buɗe wasiƙar don gwaji kawai, akwatunan suka zama rubutu, har ya yi tafi.

Ajaminsa na makarantar allo ne, sai da ya haɗa baƙi da baƙi. Zakariya'u ne ya rubuto daga Agadas. Sun gudo cikin babbar mota. Zazzaɓi ya kama Bilal a hanya, ya cika kafin su kai Dirku, sun yi masa sallah sun rufe shi a nan. A yi haƙuri, a gaya wa innarsa a hankali.

Idirisa ya zauna, fankar na ta kukanta. Ya yi kuka sosai, na Bilal da bai taɓa gani ba, da na kansa. Daga baya ya buga takardar, ya rufe shago, ya tare kabu-kabu.

Ya sami gidan tsohon da la'asar. Maman Lawali na zaune gindin darbejiya da allo a cinya, yana kwafe akwatunan da tawada ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan lambobin. Matarsa Tasalla ta fito da ƙwaryar ruwa a hannu, fuskarta a sake.

"Kai ne mai injin? Allah shi yi ma albarka," ta ce. "Kullum Malam na rubuta mini hatimin Bilal, in wanke in sha. Tun da na hwara nike barci. Raina ya ba ni yana bisa hanya."

Idirisa ya durƙusa, ya miƙa wa dattijon takardar da hannu biyu.

"An gyara, Baba. Ba hatimi ba ne. Na sani tun ran nan."

Maman Lawali ya ajiye alƙalami, ya goge yatsunsa a riga, ya karɓa. Ya bi layin da yatsa kamar kullum, har ƙasa, ya sake komowa sama. Tasalla ta sunkuya za ta ɗauki allon, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Ya dafe shi da tafin hannunsa.

"Aje ƙwaryar nan, Tasalla," ya ce. "Zauna."