Tukwanen Lamisi da Teburin Ubangiji

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, wutar daji kuma ta lashe ɗan abin da ya tsira, wato tamanin da uku, alade ko ɗaya bai rage ba a lungun da Kiristoci suke zaune a gefen unguwar Dabokpa ta Tamale. An yanka na yankawa, an sayar da na sayarwa, tun kafin Ista gurnaninsu ya ɗauke. Amma abin al'ajabi, dusar aladu ba ta rasa masu nema ba. Duk ranar da Lamisi ta tace fito, wato giyar dawa, dusa ta rage, matan coci sai su zagayo ta bayan gidanta da kwanoni a ƙarƙashin zane, kowace ta sunkuyar da kai ta ce, "Mma Lamisi, a taimaki aladunmu." Ita kuma ta zuba musu, wani lokaci har ta tambayi lafiyar aladun. Kowa ya san inda dusar take zuwa. A shanya ta, a sake niƙawa, a tankaɗe, a dama da garin kuka, yara su sha su kwanta. An dai bar kaza cikin gashinta.

Dawar da take dafawa ba tata ba ce, balle wani mai kaifin baki ya ce me ya hana ta yi tuwo da ita. Wani direban lori ne mai suna Kaba yake shigo da ita daga bakin iyaka, a ɓoye ƙarƙashin itace. Ya sauke mata buhu, ta jiƙa, ta bari ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, shi kuma ya zo ya kwashe fiton ya kai wa masu shaye-shayensa. Ladanta ɗan mudu ne da dusa. Ranar da ta ce ta daina, buhun zai wuce unguwar Kaladan wurin wata mai tukwane, ko waiwaye ba zai yi ba.

Wannan sana'a ce ta raba ta da teburin Ubangiji. Tana budurwa aka yi mata baftisma a ƙauyensu na ƙasar Kusasi, ta ci jibi, wato burodi da ƙoƙon teburin Ubangiji, shekara da shekaru kamar kowa. Da mijinta ya mutu ya bar ta da bakuna huɗu, ta gaji tukwanen uwarta, dattawan ikkilisiya kuwa suka sa ta a horo. Tun daga ranar, bencin baya ne wurinta, kusa da ƙofa, inda awaki suke leƙowa. Shekaru sun haura goma. 'Ya'yan da ta yi dominsu sun girma sun watse, biyu sun tafi kudu neman aiki shiru kake ji, amma ita tana nan a bencin. Duk Lahadin farkon wata farantin jibi ya taho layi layi, ya iso gabanta, ya yi kwana. Ba ta taɓa sabawa ba. Mutane suna cewa komai ya daɗe ana sabawa da shi, ƙarya suke yi, duk wata sabo yake zame mata.

Ga kuma tari. Hayaƙin murhu ya zauna mata a ƙirji tun bara, bana har da ɗan jini a bakin zane. Ba ta gaya wa kowa ba, amma jiki magayi. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada ta mutu a bencin baya.

Cocin nasu 'yar rumfar kwano ce. Frafra ne da Kusasi da Builsa da neman abinci ya jefo Tamale, babu mai jin yaren wani, sai suka haɗu a kan Hausar zango, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba, kowa "kai" ne. Fastonsu, wanda suke kira Osofo Ayamga, mutumin kirki ne, sai dai yunwa ta rame shi har farar kwalarsa tana yawo a wuya. Al'adarsu, a Lahadin ƙarshe na shekara yakan yi wa'azin zaɓi, kowa ya je ya yi tunani, cikin mako ya gaya masa abin da ya zaɓa, a Lahadin farko kuma ya miƙe ya faɗa a gaban jama'a.

"Sabon shekara ya zo ƙofa," in ji Osofo. "Kar ka ce zan gyara abu goma. Ba ka iya, kwaraa, ko kaɗan. Taura biyu ba ya taunuwa. Kun san gero, in ya tsira da yawa a rami ɗaya, manomi yana tuge wasu don ɗaya ya yi zangarniya. Ka duba ranka. Wane abu ne ya tsaya tsakaninka da Yesu? Ba mai sauƙi nake nufi ba, wanda ka san shi ne. Tuge shi. Sauran duka ya jira. Kuma kar ka ce gobe, gobe ba naka ba ne."

Lamisi ta sha jin wannan wa'azi, amma bana ya shige ta kamar da sunanta aka yi shi. Wasu kam tun a bakin ƙofa suka fara shelar nasu zaɓin. Wani ya ce ya bar caca. Wani bawan Allah ya ce shi haɗama zai bari, a shekarar da ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbunsa. Lamisi kuwa ta bi ta gefensu ta wuce. Ta koma gida ta daɗe tana kallon tukwanen nan uku, baƙaƙe wuluk, waɗanda suka ci da ita suka kuma cinye ta.

Ranar Talata da hantsi ta ɗaura zanenta na zuwa coci ta nufi gidan Osofo. Ta same shi a gindin darbejiya yana ɗinke takalmi. 'Ya'yansa suna zaune a ƙasa sun kewaye ƙwarya ɗaya, suna wawason wani kunu mai ruwan ƙasa. Matarsa Lariba na hango baƙuwa ta yi wuf ta tsaya tsakaninta da ƙwaryar, kamar Lamisi ba ta san warin kayanta ba.

"Dasiba, Osofo," ta yi masa gaisuwar safe irin ta garin.

"Naa, Mma. Ka zauna."

"Na zaɓa," ta ce. "Na bar fito. Zan kife tukwane. Lahadi ina so in ci jibi."

Shekara goma tana ƙiyasta wannan rana. A zatonta zai yi tsalle ya ɗaga hannu sama, ya kira maƙwabta a yi waƙa. Sai ta ga allurar ta tsaya a hannunsa. Ya dubi yaran, ya dubi ƙasa.

"Mun gode Allah," ya ce. Can ya sake cewa, "Mun gode Allah paa." Ya yi mata addu'a 'yar gajeruwa, ya ce zai sanar da dattawa. Lariba ko kallonta ba ta yi ba.

Lamisi ta taho gida zuciyarta a dagule. Ba yarinya ba ce, ta san abin da ya tsayar da allurar. Amma ta ce a ranta, ai Allahn da ya tsaga bakin yaran nan shi ya san abin da zai zuba musu, ita wace ce? Ta sami Kaba ya sauke sabon buhu a zaure. Ba ta kwance shi ba. Ta wanke tukwane, ta mirgina su bayan ɗaki ta kife, har tari ya durƙusar da ita.

Kashegari da rana tsaka sai ga Lariba, ba kwano, ba sallama mai ƙarfi. Ta tsaya tana kallon tukwanen a kife, sai kawai ta zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Mma, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba mu da alade."

"Na sani."

"Babu wanda yake da shi. Auta na ƙafansa ya fara kumbura. Ka yi haƙuri zuwa damina, sabon hatsi ya fito, sannan ka kife. Allah yana gani."

Ran Lamisi ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe tana dannewa. "Yau ni ake ce wa in jira? Shekara nawa kuna ce mini yau ne, ba gobe ba? Kai da bakinka a zumuntar mata ka ce hannuna yana warin wuta!"

"Na faɗa."

"Osofo ne ya aiko ka?"

Lariba ta share hanci da gefen zane. "Bai aiko ni ba. Amma ya ga fitana, bai tambaye ni ina zan je ba."

"To ya je ya gaya wa dattawa su ba ni jibi da tukwanena a kan wuta, tunda tukwanen ne ke riƙe da cocin."

"Ya taɓa gwadawa, Mma. Suka ce in ya sake, za su rubuta wa manya a ɗauke shi. Ina za mu je da yara a wannan shekara?"

Bayan tafiyarta Lamisi ta zauna a kan turmi, gaba kura baya sayaki. Ta yi ƙoƙarin yin addu'a, kalma ta ƙi zuwa. Osofo ya ce a tuge wasu don ɗaya ya yi zangarniya, amma bai ce me za a yi ba in waɗanda za a tuge 'ya'yan mutane ne. Ta bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta, babu wanda kwanonsa bai taɓa zuwa bayan gidanta ba. Ta san sunayen yaran, wasu ma ita ta yanke musu cibi. Ta kuma san ƙirjinta, ta san damina da nisa. Ta yi kuka mai isarta, ba don tausayin kowa ba, don tausayin kanta. Da la'asar ta kwance bakin buhu ta juye dawar cikin randa, ta kwara ruwa. Dawa kuwa in ta sha ruwa, magana ta ƙare.

Lahadin farko ta sabuwar shekara coci ya cika, don labari ya zagaya cewa Mma Lamisi za ta baro bencin baya. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Burodi ya yi wuya a gari, sai aka yayyanka guda ɗaya ƙanana ƙanana kamar farce, aka zuba ruwan zoɓo a 'yan kofuna. Mutane suka riƙa miƙewa suna faɗin zaɓinsu ana tafi. Sai Dattijo Atinga, babban dattijon ikkilisiya, ya gyara tabarau ya kira sunanta da fara'a.

Ba ta miƙe ba.

Ya sake kira. Ta girgiza kai, ta ce, "Na fasa."

Dattijo Atinga mutum ne da ba ya son a kunyata shi, ga shi dama da baki. Ya ce a duba a gani, ga wanda ya yi amai ya lashe. Ya ce wasu sun fi son tukunya a kan Mai Ceto, an buɗe musu ƙofa sun zaɓi hayaƙi. Ya ce matasa su ɗauki darasi. Yana magana jikokinsa uku suna zaune a gabansa a tabarma, da kunun dusarta a cikinsu.

Kalma ɗaya ta ishi Lamisi ta tone asirin cocin gaba ɗaya. Ta zo mata har leɓe. Ta dubi matan, kowace ta dasa ido a cinyarta. Ta dubi Osofo, yana tsaye bayan tebur yana ta gyara ƙyallen da ba abin da ya same shi. Ta haɗiye. In ta faɗa, kunya za ta hana su zuwa, to wahalar ta zama ta banza ke nan.

Faranti ya taho layi layi. Ya iso gabanta, ya yi kwana.

Da aka tashi, kowa ya bi ta gefenta da sauri kamar ana kiransa a gida. Ta zauna har rumfar ta zama wayam, saura Osofo yana tattara kofuna. Tari ya taso mata, wannan karon ba ta ɓoye bakin zanen ba. Ya gani, ya ajiye kofunan, ya taho ya tsaya a kanta.

"Osofo, ina da tambaya. Ba na jin zan ga damina. In na mutu a horo, za a shigo da ni nan a yi mini waƙa?"

Ƙarya ba ta cikin halinsa, abin da ya rage masa ke nan.

"Dattawa ba za su yarda ba, Mma."

"Addu'a a bakin rami fa?"

"Ba da kwalar fasto ba." Idonsa ya kawo ruwa. "Amma zan zo. Ramin, ni zan haƙa da hannuna."

Lamisi ta dafa benci ta miƙe a hankali. Ta dubi hannuwan nasa, sirara kamar kara.

"To ka riƙa cin abinci, Osofo," ta ce. "Ƙasar rani da tauri."