Kunun Gidan Attahiru

Tun ranar da Habi ta faɗo daga bayan motar da ta kwaso su daga Gatawa, ƙugunta bai sake ba ta lafiya ba. Da hantsi 'yan bindiga suka shigo garin, mijinta Usmanu yana gona, bai kuwa dawo ba. Maɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashi ya kama, amma ciwon ya samu wurin zama. In ta tsaya ya soke ta, in ta kwanta ya ci ta kamar gara ta samu kara. Haka ta shekara biyu a Sabon Birni, a ɗakin da ƙanenta Kalilu, ɗan kabu-kabun babur, ya ba ta, tana ɗingishi tana neman abin kaiwa baka.

Da kaka ta yi, aka ce Alhaji Attahiru yana neman mata masu sussuka. Shi mai sayen hatsi ne. Yakan saye dammunan gero a hannun mutanen ƙauye masu gaggawar barin gonakinsu, ya jibge a filin bayan gidansa, ya sa a sussuke kafin motoci su zo. Habi ta je, ba don tana ganin za ta iya ba. Ranar farko ko dami ɗaya ba ta gama ba ta zauna tana haki. Can sai aka fito da tukunyar kunun tsamiya, ya ji citta da kanumfari. Alhaji da kansa ya zo da wata baƙar kwalba, ya yi bisimilla ya tsiyaya a ciki, ya ce rubutun ƙarfin jiki ne da wani malami yake yi masa daga Alkalawa, shi kuwa sadaka yake yi wa bayin Allah. Mata suka shafa fatiha, suka sa ludayi.

Kafin rana ta take, ciwon Habi ya fita kamar an zare ƙaya. Ta ɗauki taɓarya ta daka har la'asar, har da waƙa. Ranar ta yi wa Alhaji addu'ar da ba ta taɓa yi wa wani ba bayan mahaifinta.

Wata uku ana haka, kunu da safe, kunu da azahar. Sau ɗaya aka samu tangarɗa, ranar da Sa'adiyya, abokiyar turmin Habi, ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure, bakinta na kumfa. Alhaji ya girgiza kai, ya ce abin da ake gudu ke nan in mace ta sha ayar Allah ba ta da tsarki. Sa'adiyya ta farfaɗo ta tarar da wannan magana ta riga ta zuwa gida. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga kai a filin ba.

Sai hanya ta ɓaci, dammuna suka daina shigowa, aka tsayar da aiki. Kwana biyu da tsayawa Habi ta fara hamma, hamma ba ta barci ba, har muƙamuƙinta ya yi tsami. Hanci na zuba, ido na zuba. Ga zufa ga sanyi, tsigar jiki a tashe kamar fatar kazar da aka fige. Ciki ya murɗa, gudawa ta biyo. Ƙugun kuwa ya dawo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Maƙwabta suka ce iskokin daji ne suka biyo ta daga Gatawa. Aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, ba abin da ya motsa.

A rana ta huɗu aka koma sussuka, Sa'adiyya ta kawo wa Habi kunun gida a kwano don ta samu albarka. Kalilu yana gida. Ya ga yadda idon yayarsa ya kafe a kan kwanon tun kafin a buɗe. Ya karɓa ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Shi ya san wannan ɗacin da ke ɓoye a bayan tsamiya, don ya shekara biyu yana haɗiyarsa a tasha kafin Allah ya raba su.

Ya ce, "Yaya, wanga ba rubutu na ba. Ƙwayar tiramol ta anka jiƙa."

Habi ta daɗe tana duban kwanon. Duk wata gaɓa ta jikinta roƙonta take yi ta sha, ko kurɓi ɗaya. Ta tuna addu'o'in da ta yi wa mutumin nan, ta tuna waƙar da ta rera a bakin turminsa. Ta sa ƙafa ta kifar da kwanon.

Kalilu ya kai ta asibiti. Malamar asibiti ta ce irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya, rage ta ake yi sannu a hankali, in ba haka ba za ta sha wuya. Habi ta ce ta ji, ta kuma gode, amma abin da Attahiru ya ɗura mata ba zai sake ratsa maƙogwaronta ba ko da ta hannun likita ne. Malamar ta yi lallashi har ta gaji, ta ba ta ruwan gishiri da sukari da maganin zazzaɓi, ta ce in jiki ya fara fizga a kawo ta da gaggawa.

Wuya kam ta sha ta. Ƙafafunta ba sa zama wuri ɗaya, kamar tururuwa na yawo a cikin ɓargo. Barci ya ƙaurace mata. Matar Kalilu takan soya rairayi a kasko, ta ƙulle a tsumma ta ɗora mata a ƙugu, ta dafa ganyen dogon yaro ta gasa mata baya. In ciwon ya taso Habi takan cusa bakin zane a baki ta cije. Kowace safiya tana ƙulla ƙulli ɗaya a gefen mayafinta. Amma ba rairayi ne ya riƙe ta ba, ba kuma ganye ba. Waɗanda suka kashe Usmanu ba ta san fuskarsu ba, suna can daji inda hannunta ba ya kaiwa. Attahiru kuwa yana da fuska, yana da ƙofar gida mai shuɗin fenti, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Duk murɗawar da cikinta ya yi sai ta ambaci sunansa, ta ce wannan ma naka ne, za ni kawo maka.

Kalilu ya so ya tara abokan sana'arsa su je su yi masa dukan kawo wuƙa. Habi ta hana. Ta ce in sun je zai rantse rubutu ne, kuma duk wanda ya tsaya a bainar jama'a ya kira rubutu guba shi za a jefa. Matan filin ma bayansa za su bi, tunda jikinsu na son kunun. Ba mai iya tona Attahiru sai bakin Attahiru.

Da ƙulli ya kai goma sha uku, ta iya miƙewa. Ta yi wanka, ta sa kwalli don ya rufe ramin idonta, ta dogara sanda ta tafi gaida Inna Fatu, mahaifiyar Alhaji. Tsohuwa ce Bagobira, tsagar fuskarta ta nutse cikin tamoji. Gwiwoyinta sun kumbura, ga hawan jini, ta shekara ba ta fita ko zaure ba. Alhaji ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba, Mai Hatsi take ce masa.

Habi ta zauna ta matsa mata ƙafa, suka taɓa hira. Sannan ta kawo zancen rubutun, ta yaba shi, ta ce ita da aka kawo filin tana jan ƙugu, ludayi biyu ya tashe ta. Ta ce abin da ke ba ta mamaki, a ce irin wannan alheri yana cikin gida, bare na sha, uwar mai shi tana salla a zaune. Tsohuwa ta ce ita Mai Hatsi bai taɓa gaya mata ba. Habi ta ce wataƙila nauyi yake ji, amma in Inna ta fito gobe da hantsi lokacin da ake kawo tukunya, ai ɗa ba ya hana uwa abu a gaban mutane.

Da Kalilu ya ji abin da ta shirya, hankalinsa ya tashi. Ya ce abin da ya kayar da Sa'adiyya mai jini a jika, in ya shiga jikin tsohuwa mai hawan jini ba lalle ta tashi ba. Habi ta ce ba ita ta dama kunun ba.

Washegari ta isa filin da wuri. Mata suka yi mata barka da tashi, wasu na tsokanarta wai iskokin sun gaji da ƙugun da ba ya rawa. Aka fito da tukunya. Alhaji ya zo da kwalbarsa, ya yi bisimilla, ya tsiyaya, aka shafa. Bai rufe kwalbar ba sai ga Inna Fatu, mata biyu na riƙe da ita. Aka kifa mata turmi ta zauna.

Alhaji ya durƙusa ya gaishe ta, fuskarsa ta sauya. Da ta faɗi abin da ya fito da ita, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce wannan kunun ma'aikata ne, bari a dama mata nata da madara. Ta ce ba madara ta fito nema ba. Ya ce malamin ya gindaya sharaɗi, ba a ba jinin gida.

Tsohuwa ta ce, "Wace aya ta, wadda ta halatta ga ɗiyan mutane ta haramta ga uwarka? Karanto min ita in ji."

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Habi ba ta yi ba. Ta riga ta ɗauki ludayi ta cika shi. Ƙamshin tsamiya da citta ya bugi hancinta, yawu ya cika mata baki. Tsakanin tukunya da turmin taku bakwai ne, a kowane taku jikinta cewa yake ta kai ludayin bakinta ta huta. Ta kafa ido a kan Alhaji ta ci gaba. Ta durƙusa a gaban tsohuwa, ƙugun ya soke ta har cikin haƙori, ta ɗaga ludayin da hannu biyu.

"Bisimilla, Inna. Albarkar ɗanki ta."

Alhaji na tsaye, zufa na bin gemunsa. Ya dubi matan, ya dubi dammunan da ke jibge. Tsohuwa ta kama hannun Habi ta jawo ludayin, ta motsa baki tana bisimilla. Habi ba ta janye ba. Sai da bakin ludayin ya taɓa leɓen tsohuwa sannan Alhaji ya yi tsalle ya buge shi, kunu ya watsu a zanen uwarsa.

Inna Fatu ta dubi zanenta, ta ɗaga kai.

"Attahiru."

Mata suka sunkuyar da kai. Wasunsu sun girma a unguwar, ba wadda ta taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Mi ka zuba ciki?"

Ya fara kame-kame. Ta ce to ya ɗebo ya sha ludayi uku a gabanta, tunda na ƙarfin jiki ne. Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce magani ne, tiramol ne kaɗan, kowa na yi, taimakonsu yake, in ba da shi ba wace gurguwa za ta iya dami goma a yini. Sa'adiyya ta ajiye taɓarya ta tako har gabansa, ta tambaye shi a hankali, ashe da tsarkinta ranar da ta faɗi? Ya kawar da kai.

Tsohuwa ba ta tsine masa ba, ko da yake Habi ta so ta ji hakan. Ta dai tambaye shi ko da tawadar allo ya rina abin don ya yi kama da rubutu. Ba ta jira amsarsa ba, ta ce a ɗaure mata kayanta, yau za ta koma garin Isa wurin 'yarta, kuma ko tsaba ɗaya ta geron filin nan kada a bi ta da ita. Sannan ta ce a zubar da tukunyar.

Habi ce ta tura ta da sandarta. Kunu ya malala, ƙasa ta shanye, ita kuwa tana kallo hawaye na zuba, ba ta san ko na murna ne ko na jikin da ke kukan abin da ya rasa ba. Ba duk matan ne suka gode mata ba. Wata ta ce mata ta kashe su, ga aiki ya tafi ga ciwo na zuwa. Sa'adiyya kaɗai ta biyo ta har bakin hanya, ta tambaye ta kwana nawa abin ke ɗauka. Habi ta nuna mata ƙulle-ƙullen mayafinta, ta ce na farkon su ne lahira, kada ta yi irin taurin kanta, ta je asibiti a rage mata sannu, kuma in dare ya yi mata tsawo ta zo su cije zane tare.

Da la'asar tana kwance a tsakar gida, ƙunshin rairayi a ƙugunta, labari ya riga ya gama kasuwa. Kalilu ya jingina babur ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana wasa da makulli.

"Yaya, da bai buge ludayin ba hwa?"

Habi ta gyara ƙunshin, ta kai shi daidai inda ƙashin ke ci.

Ta ce, "Da ta sha."

Kalilu ya sa makullin a aljihu. Habi ta jira ta ji ko maganar za ta dame ta. Abin da ta ji kawai shi ne ƙugun, yana nan inda yake. Ta jawo gefen mayafi ta ƙulla na goma sha biyar tun gobe ba ta yi ba, ta ce wa matar Kalilu rairayin ya huce, a sake soyawa.