Kwaɗon Ɗakin Magani

Abin ya faro ne a damina ta uku bayan rasuwar mijinta, lokacin da wata ƙungiya ta sami tallafi daga masu ba da agaji domin koya wa mutanen karkara yadda za su tsaya gaban hukuma su nemi gyara a harkar lafiya. Mutum ashirin aka ɗiba daga ƙauyuka bakwai, ita ma, da yake tela ce, tana cikinsu. Maƙwabta sun yi mamaki, domin tun da aka binne mijin ba a ƙara jin muryarta ta ɗara ƙarar keken ɗinkinta ba.

Maciji ne ya sare shi a gona da hantsi. Aka kawo shi asibitin ƙauye a kan amalanke. Maganin dafin yana cikin firij, firij yana ɗakin ajiya, ɗakin kuma an garƙame shi da kwaɗo, jami'in da ke riƙe da makullin ya tafi gari gyaran babur da shi a aljihu. Kafin maza su fasa kwaɗon da dutse, rai ya yi halinsa. Jami'in nan kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta ciki ɗaya. Ya zo ta'aziyya ya ce kwana ne ya ƙare. Ba ta yi jayayya da ƙaddara ba, amma ta tsinci fasasshen kwaɗon ta adana a gwangwanin maɓallai. Shekara na zagayowa aka ƙara masa girma, ya zama wakili a kwamitin lafiya na gunduma.

A ajin 'yan firamare ake ba su horon, manya a takure kan ƙananan benci. Malamar da ke koyarwa tana da 'yar ƙararrawa da ƙa'ida guda: minti uku, labari ɗaya, buƙata ɗaya, ba kama suna.

"Minti uku, Malama?" in ji wata tsohuwar ungozoma. "Ni gaisuwa kaɗai tana cinye mini biyar!"

"To sai ki gaishe su a waje, Iya, ki shigo da magana."

Aka kwashe da dariya, ban da tela. Da aka zo kanta ta miƙe ta ba da labarinta tiryan-tiryan, ajin ya yi tsit, har ta iso bakin ƙofar ɗakin ajiya. Nan ta ambaci sunan kawunta, ƙararrawa ta kaɗa.

Bayan an tashi Malama ta tsayar da ita. "'Yar'uwa, ban taɓa jin wanda ya riƙe aji kamar ke ba, kuma ke nake so ki fara magana gaban kwamitin lafiya ranar Laraba. Amma masu tallafin sun gindaya sharaɗi: an ba mu ne mu gyara tsari, ba mu yi shari'a ba. Idan kika kama suna, mai sunan ya kai ƙara, mutum ashirin ɗin baɗi ba za su taɓa zama kan bencin nan ba."

"Na ji, Malama."

"Kin ji, ko kin yarda?"

Tela ta gyara mayafinta, ta ce a sauka lafiya.

Ana saura kwana biyu sai ga kawu a shagonta, riga a saɓe a kafaɗa, yana fara'a kamar mai neman ƙuri'a.

"'Yar gidan Kawu! An ce yanzu ke ce lauyar ƙauye. Mu da muka goya ki sai a bakin mutane za mu ji?"

"Sannu da zuwa, Kawu. Ɗinki ne?"

"Aljihun nan ne ya yage. Makullai ke cin sa."

Ta karɓi rigar, ta zura yatsu biyu cikin yagar. 

"Lalle sun ci shi," ta ce. "Da makulli nawa kake yawo yanzu?"

Fara'ar ta ɗan dusashe. "Ki dai tuna, ɗiyata, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ya wuce ya wuce. Ranar Laraba ki nemi a ƙaro gadaje, ni da kaina zan goya miki baya."

"Ba zan kama sunan kowa ba, Kawu. An hana mu."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sa mata albarka, ya tafi. Ta ɗinke aljihun da zare biyu, ɗinkin da ba zai sake yagewa ba.

Da la'asar mahaifiyarta ta leƙo, ba ta ko zauna ba. "Idan kika kunyata ƙanina a bainar jama'a, ki nemi wata uwar."

"Inna, marayu uku ne a ɗakina."

"Allah ne ya mai da su marayu."

"Haka ne, Inna. Amma ba Shi ya tafi gyaran babur ba."

Tsohuwar ta juya ta fita, ko sallama babu.

Tela ta yi salla ta zauna kan darduma. Ta san buƙatarta mai kyau ce: kada makullin ɗakin magani ya ƙara zama a aljihun mutum ɗaya, a yanka biyu, ɗaya ya kwana a asibiti. Ta kuma san ba don ƙauyuka bakwai kaɗai ƙirjinta ke tafasa ba. Ta nemi gafarar Ubangiji a kan wannan, ta jira zuciyarta ta huce, ba ta huce ba. Shekara biyu ke nan yana shiga taro ana miƙe masa, ita tana raba wa 'ya'yanta abin da bai isa mutum biyu ba. Ba kowa a zauren kwamitin da bai san wanda ke riƙe da makulli a wancan hantsin ba. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a sa su tuna yana zaune a tsakiyarsu.

Ta jawo gwangwanin maɓallai, ta zazzage, ta ɗauki kwaɗon. Tsatsa ta ci shi, shatin dutsen na nan. Ta naɗe shi cikin ƙyalle, ta ninke rigar kawu a kai.

Ba za ta kama suna ba. Za ta miƙa masa rigarsa a gaban kwamiti, ta ajiye kwaɗon a kan tebur daidai hannunsa, sannan ta fara minti ukunta.