Raƙumin Dawa Cikin Shanun Ilyasu

Mati ya shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoto a Tasawa. Shagonsa na bakin babbar hanya, kusa da tasha, kuma yawancin aikinsa hotunan katin shaida ne da na ƴan lakkwal masu shirin jarrabawa. A ƙarshen damina wani makiyayi mai suna Ilyasu ya kira shi can wajen Issawane ya ɗauki hotunan bikin suna. Washegari da safe, kafin ya kamo hanya, ya bi Ilyasu tabki don ya ga shanu.

Tsakiyar garken jajayen shanun nan sai ga raƙumin dawa guda a tsaye, bijimin da ya fi kowanne girma bai kai kafaɗarsa ba. Mati bai taɓa ganin wannan dabba ba sai a littafin makaranta. Cikin sauri ya ɗauki hoto uku. Biyu suka yi dishi-dishi, ɗaya ya fito ras.

Da ya koma gida ya sa hoton a zauren WhatsApp na ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garin. Kafin la'asar an yi masa ca. Kowa cewa yake aikin IA ne, wato na'urar nan da ake faɗa wa abin da ake so ta zana shi kamar gaske. Mutanen suna da dalilinsu. Watanni huɗu baya wani ya haɗa hoton gadar hanyar Baoudetta wai ruwa ya tafi da ita, direbobi suka fasa tafiya, kasuwa ta ci babu baƙi, alhali gada na nan lafiya. Tun ranar ƙungiya ta kafa doka: duk hoton da na'ura ta ƙera a rubuta a ƙasansa, wanda ya ɓoye a karɓe katinsa na ƙungiya.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Isiyaku, ya zo shagon da kansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Mati, kai ne ka fi kowa goyon bayan dokar nan. Mi ya kai ka?"

Mati ya miƙa masa kyamarar, ya nuna masa hotunan uku da ranar da aka ɗauke su.

"Ko wanga ana iya sarrafa shi yanzu," in ji Alhaji. "Ba ƙarya nike cewa ka yi ba. Ni dai idona ne na daina yarda da shi in kan gilashi ne."

"To mu tahi ka gani ba kan gilashi ba."

Ranar Litinin suka shiga motar Mayahi, daga can suka hau kabu-kabu har rugar. Ilyasu ya tarbe su da kindirmo, ya ce raƙumin dawan ba kullum yake zuwa ba. Safiyar farko babu komai sai sawu a cikin laka, kowanne ya fi na saniya faɗi. Alhaji ya tsuguna ya auna da tafin hannunsa.

Safiya ta biyu suna zaune ƙarƙashin aduwa, shanu sun fara shiga ruwa, Ilyasu ya taɓa gwiwar Alhaji ya nuna gabas da haɓa. Kai suka fara gani yana tafe sama da itatuwan bagaruwa, kamar babu jiki a ƙarƙashinsa. Sannan wuyan ya fito, sannan sauran. Tafiya yake a hankali, ƙafafun gefe guda suna ɗagawa tare, kuma duk girman nan ba a jin takunsa. Ya ratsa shanun, suka buɗe masa hanya ba tare da sun ɗaga kai ba. A bakin ruwa ya daɗe yana dube-dube, ya ware ƙafafun gaba kaɗan-kaɗan, ya sauko da kan nan daga sama har ya taɓa ruwan. Da ya ɗago, ruwa ya zubo daga bakinsa, ya daɗe a iska kafin ya iso ƙasa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji Alhaji a hankali. Ya ƙura wa dabbar ido. Can ya ce, "Ji gashin idonsa, Mati. Har warinsa nike ji."

Ilyasu ya ce tun farkon damina ya ɓullo, shi kaɗai. Da fari shanu gudunsa suke, yanzu har maruƙa na bi ta ƙarƙashin cikinsa. Kakansa ya sha ba su labarin irinsu a dajin nan, su kuwa suna ɗauka hira ce ta tsofaffi.

"Abu guda nike roƙo," ya ce. "Kada ku faɗi sunan tabkin. In aka sani, masu bindiga za su zo."

"In ba mu faɗi wurin ba, ƙaƙa mutane za su yarda?" Alhaji ya tambaya.

"Ni ba ni buƙatar su yarda, Alhaji. Ruwa nike so shi sha lafiya."

A taron ƙungiya na Asabar, Alhaji ya miƙe ya ce ya je, ya gani da idonsa, hoton Mati na gaskiya ne, wurin kuwa ba zai faɗa ba. Wasu suka yarda nan take saboda sun san shi. Wasu samari suka ce dattawa ne ke rufa wa juna asiri. Ba a taɓa katin Mati ba. Ma'aikatan gandun daji kaɗai Alhaji ya gaya wa wurin, suka je suka duba, suka bar wa Ilyasu lambar waya.

Bayan wata ɗaya da rabi tabkin ya ƙafe. Ilyasu ya bugo wa Mati waya ya ce kwana biyar ke nan bai ga raƙumin dawan ba. Ya bi sawun rabin yini, ya ga ya yi yamma, sai ya dawo wurin shanunsa.